Yadda Ake Zaɓen Koyiloba da Taurin Sifirin ga Motar Gudu

Yawancin waɗanda suka ɗaura wa motarsu koyiloba suka dawo suna kuka da ita, ba kayan ne suka cuce su ba, lissafi ne ba su yi ba tun farko. Mutum ya ga an rubuta "10 gaba, 8 baya" a jikin kwali, ya ɗauka girman lamba shi ne ƙarfin riƙe titi. Sai bayan an ɗaura ya tarar motar tana tsalle a kan ɗan gargadar da da can ba ta ko jin sa, ga kuma gabanta yana ƙin shiga kwana. Lambar da ke jikin sifirin ba ta da wata ma'ana ita kaɗai. Sai ka san nauyin da ke kansa da kuma inda aka dasa shi a jikin motar, sannan lambar za ta faɗa maka wani abu.

Koyiloba dai shokazoba ce da aka zura mata sifirin a jikinta, aka yi wa gangar jikin tiredi, aka sa zobba da ake murzawa sama ko ƙasa don ɗaga mota ko sauke ta. Amfaninta uku ne: kana iya saita tsayin kowace kusurwa, kana iya canja sifirin da wanda kake so, kuma a yawancinsu kana iya ƙara wa shokazobar ƙarfi ko ka rage. Aikin sifirin ɗaukar nauyi. Aikin shokazoba shanye lilon da sifirin ke yi. Idan ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, motar ba za ta taɓa zama daidai ba.

Mataki na farko: ina motar za ta yi rayuwarta?

Ka faɗa wa kanka gaskiya a nan, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan amsar zai tsaya. Motar da kullum take kan titi, sai sau biyu ko uku a shekara ta leƙa filin tsere, motar titi ce, kuma saitin titi ya kamace ta. Wadda ake kai ta fili a kan tirela a dawo da ita a kan tirela, wannan daban. Sai kuma taya. Tayar titi ta yau da kullum ba ta kama kwalta da ƙarfin da zai kwantar da mota sosai a kwana, don haka ba ta buƙatar sifirin mai tauri ƙwarai. Tayar tsere mai laushin roba tana kama ƙasa da ƙarfi, tana jefa nauyi gefe guda da ƙarfi, ita ce ke neman tauri. Wanda ya haɗa sifirin tsere da tayar titi ya jawo wa kansa wahalar biyu: ga duka a baya, ga santsi a kwana.

Mataki na biyu: auna nauyi

Abin da kake nema shi ne nauyin da ke zaune a kan kowane sifirin. Hanya mafi kyau ita ce a ɗora motar a kan sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, kana zaune a kujerar direba, tanki na da kamar rabin mai. Idan babu sikeli, takardun motar kan nuna jimillar nauyi da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya, sai ka ƙara naka nauyin.

Daga nauyin kowace kusurwa sai ka cire abin da ba ya kan sifirin: taya da rim, birki, hob (ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa), da kusan rabin nauyin hannuwan da ke riƙe da su. A ƙaramar motar gudu wannan kan kama tsakanin kilo 35 zuwa 50 a kowace kusurwa.

Mu ɗauki misalin da za mu yi ta aiki da shi har ƙarshe. Mota mai kilo 1,250 har da direba, kilo 660 a gaba, 590 a baya. Kowace kusurwar gaba 330 ke nan, ta baya 295. Cire 40 daga kowace, ya rage 290 a gaba, 255 a baya.

Mataki na uku: rabon motsi, inda yawancin mutane ke ɓata

Idan taya ta hau sama da milimita 10, ba lallai sifirin ya matse da milimita 10 ba. Ya danganta da inda aka kafa shi. A tsarin MacPherson, wanda ya samo sunansa daga injiniya Earle MacPherson da ya tsara shi a shekarun 1940, shokazobar tana manne da hob kai tsaye, don haka sifirin yana motsi kusan daidai da taya, rabon ya kan kai 0.9 zuwa sama. A tsarin hannu biyu, na sama da na ƙasa, irin na Mazda MX-5 ko Honda S2000, ƙafar shokazobar tana zaune a wani wuri a tsakiyar hannun ƙasa, taya ta yi tafiya mai yawa sifirin ya yi kaɗan. A bayan BMW E36 da E46 ma sifirin ba ya jikin shokazoba gaba ɗaya, yana can ciki a kan hannu shi kaɗai. Wannan ne ya sa ake ganin lambobin sifirin bayansu da girma, ba don bayan ya fi nauyi ba.

Ka auna da kanka, ba wuya. Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, cire taya, cire sifirin ka mai da shokazobar wurinta, kwance sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama. Sa jak a ƙarƙashin hob ka ɗaga shi zuwa daidai inda yake zama idan mota na ƙasa. Daga nan ɗaga shi milimita 20, ka auna nawa shokazobar ta shige. Maimaita sau uku ko huɗu ka ɗauki matsakaici. Idan taya ta hau 20 shokazoba ta shige 15, rabon motsinka 0.75 ne.

Abin da ya sa wannan lamba take da nauyi shi ne sau biyu take cin sifirin: tana rage tafiyarsa, tana kuma rage ƙarfin da yake kaiwa ga taya, kamar yadda doguwar sanda ke sauƙaƙa ɗaga dutse. Don haka ake ninka ta da kanta. Taurin da taya ke ji shi ne taurin sifirin sau rabon motsi sau rabon motsi. Sifirin kilo 8, wato wanda sai an ɗora masa kilo 8 yake matsewa da milimita 1, a kan rabo 0.75 yana isa bakin taya a matsayin kilo 4.5 kacal. Wannan sifirin ɗin a kan rabo 0.95 kuwa ya haura kilo 7. Sifirin guda, motoci biyu, hali biyu mabambanta. Shi ya sa kwafar lambar wani mai wata irin mota ba ta da amfani ko kaɗan.

A kula da ma'auni kuma. Kamfanonin Japan sun fi rubuta kilo a kan milimita, na Turai nuton a kan milimita, na Amurka fam a kan inci. Kilo 1 a kan milimita daidai yake da nuton 9.8 a kan milimita, ko kusan fam 56 a kan inci. Sifirin kilo 8 ke nan shi ne nuton 78, shi ne kuma kusan fam 450.

Mataki na huɗu: zaɓi saurin lilo, sifirin zai fito da kansa

Injiniyoyi ba sa fara magana da taurin sifirin. Suna farawa da sau nawa jikin mota zai yi lilo sama da ƙasa cikin daƙiƙa guda idan aka danna shi aka saki ba tare da shokazoba ba. Ana auna shi da Hz, kuma shi ne ma'aunin da ke ba ka damar kwatanta ƙaramar mota da babba. Motocin hawa na jin daɗi suna tsakanin 1 zuwa 1.5. Motar gudu ta titi tana tsakanin 1.5 zuwa 2. Motar tsere da ba ta dogara da fukafukai ba takan zauna tsakanin 2 zuwa 2.5. Masu manyan fukafukan da iska ke danne su ƙasa su ne ke haura 3, domin dole su jure wannan nauyin iskar ba tare da cikinsu ya taɓa ƙasa ba.

A ganina, motar da za a riƙa hawa a titi ana kuma shiga fili jefi-jefi, wajen 1.8 zuwa 2.0 ya ishe ta. Da zarar an wuce 2.2 a titin da ba shimfiɗaɗɗe ba, taya takan fara barin ƙasa a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai, ba ta birki, ba ta juya mota.

Ga lissafin. Ninka 39.5 da saurin lilo, ka sake ninkawa da saurin lilon, sannan da nauyin kusurwa, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne taurin da ake so a bakin taya, da nuton a kan milimita. Sai ka raba shi da rabon motsi sau biyu ka sami sifirin.

A motarmu, a ce gaba MacPherson ne mai rabo 0.95, baya kuma hannuwa ne masu rabo 0.75. Muna son 1.8 a gaba: 39.5 sau 1.8 sau 1.8 sau 290, a raba da 1,000, ya ba da kusan 37. Raba 37 da 0.95 sau biyu, 41 ke nan, wato kilo 4.2. Sifirin kilo 4 ya yi. A baya muna son 2.0: 39.5 sau 2 sau 2 sau 255, a raba da 1,000, ya ba da kusan 40. Raba da 0.75 sau biyu, ya kusa 72, wato kilo 7.3. Sifirin kilo 7 ko 7.5.

Dubi abin da ya fito: 4 a gaba, 7 a baya, alhali gaban ya fi nauyi. Yanzu ka ɗauko waccan "10 gaba, 8 baya" ka ɗaura wa wannan motar. Gabanta zai koma wajen 2.8, bayanta 2.1. Gaban ya sandare, bayan yana nan kusan daidai. Irin wannan mota za ka murɗa sitiyari ita kuwa ta nufi bakin titi, kuma mai ita zai yi ta ɗora wa taya laifi.

Me ya sa muka ba baya sauri fiye da gaba? Wannan tsohuwar dabara ce ta injiniya Maurice Olley, wanda ya yi aiki a General Motors a shekarun 1930. Tayar gaba ce ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo bayan ɗan lokaci. Idan baya ya fi saurin lilo da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, sai ya cim ma gaba, motar ta tashi ta sauka a miƙe maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa kamar doki. A titi wannan na da daɗi sosai. A filin tsere ana yawan kauce masa don neman daidaiton kwana, kuma babu laifi, in dai da sani aka kauce.

Mataki na biyar: daidaiton gaba da baya

Ƙa'idar guda ce: ɓangaren da ya fi tauri wajen hana mota kwanciya a kwana, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe, kuma shi ke fara zamewa. Ƙara wa gaba tauri, gaba ya ƙi kwana. Ƙara wa baya, wutsiya ta fara fita. Motar da tayoyin gaba ke ja takan so baya mai tauri don ta juya. Mai ja da baya mai ƙarfin inji takan so a ɗan sassauta mata baya don tayoyin su kama ƙasa idan aka taka totur a fitowa daga kwana. Porsche 911 da injinta ke can baya, kusan kashi 60 na nauyinta a baya yake, lissafinta daban ne da na motar da injinta ke gaba.

Kada ka ɗora wa sifirin dukan wannan aiki. Sitabilaiza tana hana kwanciya a kwana ba tare da ta taurara mota sosai idan tayoyi biyu sun hau tudu tare ba. Ni na fi son sifirin matsakaici da sitabilaiza mai ramukan saiti, domin canja rami aikin minti goma ne, canja sifirin kuwa aikin yini ne.

Mataki na shida: tafiyar shokazoba

Wannan ne abin da ba a rubutawa a talla, kuma shi ya fi kashe daɗin mota. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 250 da saurin lilo, ka sake rabawa da shi, ka sami milimitar da mota za ta nutse da nauyin kanta. A 1.8 kusan milimita 77 ne, a 2.0 kusan 62, a 2.5 kuwa 40. Bayan wannan nutsewar dole a sami sauran tafiya ta hawa tudu kafin shokazoba ta daki robar ƙarshe, wato robar da ke tsai da ita idan ta gama matsewa. Masu saiti da yawa kan so kamar kashi biyu cikin uku na tafiyar su zama na matsewa, ɗaya na miƙewa.

Idan motarka tana dukanka a baya, kafin ka zargi sifirin da tauri, ɗaura ɗan zaren roba mai kamawa a jikin sandar shokazoba, tura shi ƙasa, ka yi tafiya ka dawo ka duba. In ya haura ya manne da robar ƙarshe, ba tauri ne matsalarka ba, tafiya ce ta ƙare. Sau da yawa mota mai sifirin laushi da aka sauke ƙasa ƙwarai ta fi mai tauri duka, domin a kan roba take tafiya ba a kan sifirin ba.

Tsawon sifirin ma a duba shi. Dole ya iya matsewa fiye da tafiyar shokazoba, in ba haka ba zobbansa za su haɗe ya zama ƙarfe guda. Idan kuma gajere ne mai tauri, zai yi sako-sako a mazauninsa duk lokacin da taya ta rataye. Maganin wannan ɗan siririn sifirin mataimaki ne da ake ɗorawa a kansa ya riƙe shi. Kafin ka sayi sifirin dabam, auna faɗin cikin naka: akwai na milimita 60, na 65, na inci 2.25, da na inci 2.5, kuma ba sa shiga mazaunin juna.

Mataki na bakwai: shokazobar kanta

A nan kuɗinka ya kamata su tafi. Iri biyu ne. Mai bututu biyu takan fi laushi a ƙananan gargada, kuma ta fi jure ɗan dukan dutse a jikinta. Mai bututu ɗaya, wadda iskar gas ke danne man cikinta, fasahar da kamfanin Bilstein ya yaɗa tun shekarun 1950, tana da babban fistin kuma ta fi saurin huce zafi, don haka ta fi dacewa da doguwar tsere. Kowane iri akwai mai kyau akwai marar kyau.

Kada yawan ƙas-ƙas ɗin saiti ya ruɗe ka. Shokazoba mai matakai 32 da ba a daidaita bawul ɗinta da nauyin motarka ba, ba ta kai wadda ba ta da saiti ko ɗaya amma an gina ta don motar ba. Manyan kamfanoni sun jera kayansu hawa-hawa. KW V1 tsayi kawai ake saitawa, V2 ta ƙara saitin miƙewa, V3 ta raba matsewa da miƙewa kowanne da nasa. Bilstein B14 tsayi kawai, B16 har da ƙarfi. Öhlins na Suwidin suna da Road & Track mai maɓallin saiti guda. Wanda bai taɓa saita mota ba, maɓalli guda ya ishe shi. Uku ko huɗu sai mai ajiye bayanai da agogon auna zagaye.

Tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa: nawa ne tsawon tafiyarta? Wane taurin sifirin aka gina ta dominsa? Ana iya buɗe ta a sabunta ta? Za su iya ba ka takardar gwajin injin da ke nuna ƙarfinta a saurin motsi daban-daban? Yawanci shokazoba kan jure canjin sifirin na kamar kilo 2 sama ko ƙasa, fiye da haka sai an sake mata bawul. Idan lissafinka ya ce 4 da 7, kayan kuma sun zo da 10 da 8, canja sifirin kaɗai ba zai gyara ba.

Kan shokazoba kuma, mai roba ya fi shiru a titi. Mai ƙwallon ƙarfe ya fi kai saƙo ga hannun direba, amma yana shigo da ƙara kuma yana saurin ci. A tsarin MacPherson faranti mai saita karkatar taya yana da amfani sosai. Sannan a wasu ƙasashe, kamar Jamus, dole kayan su zo da takardar amincewa kafin a hau titi da su, don haka ka duba dokar inda kake.

Mataki na takwas: ɗaurawa

Kafin ka kwance komai, auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi a kowace kusurwa ka rubuta. Sauke mota da milimita 20 zuwa 30 ya wadatar ga yawancin motoci. Ka leƙa hannun ƙasa: in ɓangarensa na wajen taya ya ɗaga sama fiye da na ciki, ka wuce gona da iri, musamman a MacPherson. A nan motar takan ƙara son kwanciya a kwana duk da ta yi ƙasa, sitiyari kuma ya riƙa fizga da kansa a kan gargada.

Idan koyilobarka mai ƙafar da ake murzawa daban ce, da ƙafar za ka saita tsayi, zoben sifirin kuwa ka matse shi daidai yadda kamfanin ya ce. Matse sifirin da zobe ba ya ƙara masa tauri, sai dai ya canja inda shokazoba ke zama a cikin tafiyarta. Bayan ka gajarta ƙafa, cire sifirin ka ɗaga hob har ƙarshe da taya a jiki, ka tabbata robar ƙarshe ce ke fara tsai da ita, ba bodi ba.

Notunan hannuwa masu bushin roba kada a ɗaure su tamau mota na rataye. Sai nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Shafa wa tiredi man hana tsatsa tun yanzu.

Yi tafiyar kwana biyu kayan su zauna, sannan a koma kan sikeli huɗu, kana ciki, sitabilaiza a kwance. Abin da ake nema shi ne nauyin gaban hagu da bayan dama a haɗe ya zama rabin nauyin motar. Ɗaga zoben kusurwa guda yana ƙara mata nauyi ita da kusurwar da ke gicciye da ita (kamar gaban hagu da bayan dama), ya rage wa sauran biyun. In wannan bai daidaita ba, motar za ta juya dama da hali ɗaya, hagu da wani. Bayan sikeli sai alaimen, kuma duk ranar da ka sake taɓa tsayi, alaimen ya tashi.

Mataki na tara: gwaji

Fara daga saitin da kamfani ya bayar. Ana ƙirga ƙas ne daga inda maɓallin ya rufe gaba ɗaya, kuma a hankali ake kai shi can, kada a tilasta masa. Zaɓi hanya guda da ka sani, mai kwana da gargada, ka riƙa bin ta da iskar taya iri ɗaya. Canja abu ɗaya tak a kowane zagaye, ƙas biyu ko uku, ka rubuta abin da ka ji.

Idan mota ta wuce tudu ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, ƙarfin miƙewa ya yi kaɗan. Idan a jerin gargada tana ƙara nutsewa tana ƙara tauri, miƙewa ya yi yawa, sifirin bai samu ya dawo ba kafin tudu na gaba. Idan tana tsalle daga kan ƙananan duwatsu tana zamewa, matsewa ya yi yawa. Ka lura da inda matsala ke fitowa a kwana. Abin da ke faruwa lokacin shiga ko fita, sa'ad da nauyi ke kan tafiya, na shokazoba ne. Abin da ke faruwa a tsakiyar doguwar kwana bayan mota ta riga ta zauna, shokazoba ba ta da hannu a ciki, sai a koma ga sitabilaiza, karkatar taya, iskar taya, ko sifirin. In ya kai ga canja sifirin, kilo 1 a ɓangare guda ya isa ka ji bambanci, sannan ka sake komawa kan sikeli kafin ka yanke hukunci a kansa.